Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar Sandar Sinuka a Kan Mashin

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan abu guda. Teburan sinuka sun cika unguwanni, kuma duk wanda hannunsa ya fara faɗawa a wasan ba ya daɗewa bai gaji da sandar gidan wasa ba, wadda kowa yake ɗauka, kanta ya cinye, tsakiyarta ta lanƙwashe. Sai ya tara kuɗi ya sayi tasa. Ranar da ta iso hannunsa kuma sai ya tuna ba shi da mota, mashin yake hawa. Ga waɗanda na zaɓa daga cikin tambayoyin.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Na sayi sanda mai rabewa biyu, da jakarta mai tauri mai igiya ɗaya. Ina rataya ta a baya in hau Boxer daga Hotoro zuwa Sabon Gari. Kullum sai ta zamo ta dawo gefe, ina tuƙi ina mayar da ita da hannu. In sayi wata jakar mai igiya biyu irin ta goyo, ko akwai wata dabara?
Wani matashi daga Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ga maganar saye, wannan mayarwa da hannu ka bar ta daga yau. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyun da ka ɗauka kana tura jaka baya, ka shafe wajen mita 28 da hannu ɗaya, hankalinka kuma yana kafaɗarka ba ya kan titi. In hannun dama ka ɗaga, ka saki birkin gaba. In na hagu ne, ka saki kuloci. A titin da ɗan adaidaita sahu yake tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu, wannan ganganci ne.

Yanzu ɗauko magwaji mu yi awo, domin matsalar gaba ɗaya ta tsawo ce. Cikakkiyar sanda tana da inci 57 zuwa 58, wato kusan santimita 145 zuwa 147. In ta rabu a tsakiya, kowane rabi ya kai wajen santimita 74, jakar da za ta ɗauke su kuwa takan kama 80 zuwa 85. To ka zauna a kan benci, ka sa wani ya auna maka daga mazauninka zuwa gindin wuyanka. Za ka ga jakar ta fi bayanka tsawo da kusan taƙi guda. Ke nan in ka goya ta a tsaye da igiya biyu, ko dai gindinta ya dira a kan kujerar mashin, ko kanta ya riƙa dukan bayan hular kwanonka, galibi ma duka biyun. Kowane rami ka faɗa, kujera za ta cilla jakar sama, jakar ta turo hular gaba ta rufe maka ido. In ka so ka waiga kafin ka sha kwana, nan ma ta tare ka. Jaka mai igiya biyu tana maganin zamewa, gaskiya ne, amma ga abin da take kawowa a madadinsa.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, wato faɗuwa. Abin da ya sa jaka mai tauri take kare sanda shi ne ba ta lanƙwasa. Wannan taurin ne kuma zai sa, in Allah ya ƙaddara ka faɗi ta baya, duk nauyinka ya sauka a kan siririn abu guda da ke kwance a jikin ƙashin bayanka, maimakon ya watsu a faɗin bayan. Sandar za ta fita lafiya lau. Ni dai ban ga hikimar ɗaura wa gadon baya abin da ya fi shi tauri ba, alhali ga mashin da aka ƙera don ɗaukar kaya.

Saboda haka shawarata ita ce ka bar kuɗin sabuwar jakar a aljihunka, ka ɗaure wadda kake da ita a jikin mashin. Amma yadda za a ɗaure ɗin shi ne magana.

Kada ka kwantar da ita a gicciye a kan kariya. Wannan ne abin da kowa yake fara yi don ya fi sauƙi, kuma shi ne mafi muni. Faɗin kan irin mashinanmu, daga hannu zuwa hannu, bai cika wuce santimita 70 zuwa 80 ba. Idonka ya riga ya saba auna rata da wannan faɗin: in kan mashin ya wuce tsakanin motoci biyu, ka san sauran jikin zai wuce. Jaka mai santimita 85 a gicciye ta rushe wannan lissafin, kuma tana bayanka inda ba ka ganinta. Duk mun sha ganin masu ɗauko rake a gicciye suna shafar madubin motoci a cunkoso. Bambancin kawai shi ne rake yana karyewa ya ba da hanya, jakarka kuwa za ta fizgi bayan mashin ta juya ka.

A tsawon mashin za ka kwantar da ita, kai gaba gindi baya. Wuri mafi sauƙi shi ne gefen kujerar baya da kariya, a ɗan karkace yadda bakinta na gaba zai wuce ta gefen ƙugunka. Kada ya tsaya daidai tsakiyar bayanka, domin in ka taka birki da ƙarfi, duk abin da ba a ɗaure da kyau ba gaba yake yi. Ka zaɓi ɓangaren da ba salansa. A yawancin mashinan nan salansa tana dama, don haka hagu ne naka. Jakar ta tsaya sama sosai, nesa da taya da sarƙa. In ta ɗan zarce kariya ta baya da taƙi ɗaya ba laifi, muddin ba ta rufe fitilar birki ko lamba ba, sai ka ɗaura jan ƙyalle a ƙarshenta don na bayanka ya gani.

Ɗauri a wuri biyu ne aƙalla, ɗaya kusa da gaba ɗaya kusa da baya, kowanne ya zagaye jakar ya kama ƙarfen kariya. Ɗauri ɗaya a tsakiya yana barin ta tana lilo. Na san robar tsohuwar tub ita ce igiyar kowane mai mashin, kuma ga buhu ko jarka ba ta da laifi. Ga abu dogo mai santsi kuwa tana da aibi biyu: tana miƙewa a kan gargada ta bar jakar ta sulale, kuma rana tana cinye ta har ta tsinke ba gargaɗi. Ka nemi maɗauri na zare mai faɗi, mai ƙarfen ɗamewa, irin wanda ake ɗaure kaya a saman mota, ƙanana guda biyu. Ɗaya daga cikinsu ya bi ta cikin hannun jakar, ta yadda ko ɗaurin ya saki ba za ta fice ba. Sai abin da mutane suke mantawa: igiyar ratayawar jakar da sauran jelar maɗaurin. Ka naɗe su ka cusa. Igiyar da take reto kusa da tayar baya, in ta shiga, tayar tsayawa take cak.

Ka gama, ka kama jakar ka girgiza. In mashin ne gaba ɗaya yake motsi, ta ɗauru. In ita kaɗai take motsi, sake.

In kuma ranar ba ka da maɗauri, dole sai goyo, to ka rage asara. Ka kai jakar wajen mai gyaran takalmi ya ƙara mata igiya ta biyu wadda za ta zagaye ƙugunka. Ka rataya ta a karkace daga kafaɗa zuwa ƙugu, ka ɗame har ba ta iya zamowa, ka tabbatar kafin ka tashi cewa kana iya juya kai hagu da dama ba ta taɓa hula ba. Ka tafi a hankali, kuma kada ka mai da shi ɗabi'a.

Na yi ta ambaton hular kwano ne da zaton kana da ita. In babu, to kuɗin da ka ware wa sabuwar jaka ga inda za su. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya ta, mu ne dai muka yi ko oho.

TAMBAYA: Malam, yayana ya aiko min da sanda daga Ingila. Ba a tsakiya take rabewa ba, can ƙasa kusa da gindi ne mahaɗinta, akwatinta kuma dogo ne na alminiyom. Ta yaya zan ɗauke ta a kan mashin?
Daga Barnawa, Kaduna.

AMSA: Yayanka ya san abin da ya saya. Wannan ita ce sandar sinuka ta ainihi, irin wadda ake buga babban tebur mai ƙafa 12 da ita. Galibi da itacen ash ake yinta, kanta siriri, wajen milimita 9.5 zuwa 10, da zoben tagulla. Ana sauko da mahaɗin ƙasa ne don ɓangaren da yake gogar yatsu da haɓa ya zama itace ɗaya ba yanka. Ga wasa alheri ne. Ga mai mashin kuwa wahala ce, domin dogon ɓangaren ya wuce mita ɗaya, akwatin kuma yakan kai wajen santimita 120.

Goyo dai babu shi a nan sam. Za ta tashi sama da kanka sosai, iska ta riƙa kama ta, kuma akwatin alminiyom yana da kusurwoyi. A kan kariya ma za ta zarce baya da fiye da rabin mita, wanda ya isa ɗan adaidaita ya ɗauke ta da goshinsa.

Hanya uku nake gani. Ta farko, kuma wadda zan zaɓa, ka bar ta a gidan wasan da ka fi zuwa, in mai wurin amintacce ne kuma yana da ɗakin da ake kullewa, akwatin ma ka sa masa kwaɗo. A Ingilar da ta fito ma, ’yan wasa da yawa a kulob suke ajiye sandunansu. Ta biyu, ranar gasa ko ranar da za ka wani wuri, ka hau keke mai ƙafa uku, ka tsayar da akwatin tsakanin ƙafafunka. Ta uku, in ka dage sai mashin, ka je Panteka wajen mai walda ya lanƙwasa maka ƙarfe biyu masu kamar ƙugiya, a ɗaura su da noti a gefen mashin, ɗaya wajen kariya ɗaya gaba kaɗan, a naɗe su da roba, akwatin ya kwanta a ciki a tsawon mashin. Da noti na ce, kada ka bari a yi walda a jikin firam, don zafin yana raunana shi. Sannan ka hau ka gwada a tsaye: ƙafarka tana sauka ƙasa ba cikas? Kan mashin yana juyawa har ƙarshe bai taɓa akwatin ba? In ɗaya ya gaza, ka koma hanya ta farko.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, kuɗina a sandar suka ƙare. Jakar da ta zo da ita ta yadi ce mai laushi. Wani ya ce in yanki bututun roba na famfo in riƙa sa ta a ciki. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma zai yi aiki?
Daga Samaru, Zariya.

AMSA: Zai yi aiki, ɗana, har ma ya fi wasu jakunkunan da ake tallatawa a intanet da hotuna masu sheƙi. Wanda ya ba ka shawarar ka riƙe shi.

Ka je wajen masu kayan famfo ka ce a ba ka bututu mai inci 3, mai kaurin jiki na ruwan famfo, ba mara kauri na magudanar ruwa ba. Gindin sanda a inda ya fi kauri bai wuce santimita 3 da ’yan kai ba, ɗaya rabin kuma wajen santimita 2 ne a mahaɗi, don haka duka biyun za su shiga har da rigunansu. Ka je da sandar, a yanka bututun ya fi rabi mafi tsawo da kamar yatsa huɗu. Ka sayi murfi biyu. Na ƙasa a liƙe shi da gam ɗin bututu, na sama ya zama mai buɗewa, ka huda shi ka sa masa ’yar igiya don kada ya faɗi a hanya ba ka sani ba.

Aikin gaske a ciki yake. Bututu yana kare sanda daga duka na waje, amma in ka zuba rabi biyun tsirara suna karo da juna daga Samaru zuwa Sabon Gari, kai da kanka za ka ɓata su. Girgizar mashin a kan gargada ita ce take fasa fenti, ta kwance zoben kai, ta lanƙwasa ƙusar mahaɗi. Ka kai wa tela tsohon tawul ko bargo ya ɗinka maka riga biyu dogaye, kowane rabi da tasa. Ka yanko soso daga tsohuwar katifa ka cusa a gindin bututun, wani kuma a cikin murfin sama. Ka rufe ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji ƙara, ƙara soso. Akwai kuma ’yan murafu masu zare da ake ɗaurawa a bakin mahaɗi don kare ƙusar. Ba su da tsada, in ka samu daidai da zaren sandarka ka saya.

Kada ka yi masa baƙin fenti don ya yi kyau. Ka bar shi da farinsa ko ruwan tokarsa, dalilin yana cikin amsoshi biyu da ke tafe. Batun kunya kuwa, a bakin tebur ba wanda yake tambayar a cikin me ka kawo sanda in kana zura ƙwallo.

TAMBAYA: Na ajiye mashin a ƙofar shago tun safe har la’asar, sandata tana ɗaure a kai. Yanzu in na mirgina ta a tebur sai kanta ya riƙa ɗagawa yana sauka. Me ya faru, kuma tana gyaruwa?
Daga Sakkwato.

AMSA: Rana ce ta yi maka aikin, malam, watakila da taimakon salansa in a ɓangarenta ka ɗaure. Sandar itace ce, ko mapul ko ash, kuma itace ko bayan an busar da shi an goge ba ya daina shan danshin iska yana sakinsa. In gefe ɗaya ya yi zafi ya bushe fiye da ɗayan, sai ya janye, sandar ta bi shi. Ƙasarmu kuwa ba ta tausaya wa itace: a hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta ya haura sosai, a Afrilu zafi ya wuce digiri 40 a inuwa. Ku a Sakkwato ba sai an gaya muku ba. Cikin baƙar jaka da ke kwance a rana kuwa ya fi haka nesa, har gam ɗin da ya riƙe fatar kan sanda yana iya saki.

Ka fara tabbatar da inda laifin yake. Ka raba ta, ka mirgina kowane rabi shi kaɗai, kuma a tebur biyu daban, don yawancin teburan unguwa su ma ba daidai suke ba. In kowane rabi yana tafiya sumul amma in an haɗa sai ta yi rawa, mahaɗin ne. Ka goge fuskokinsa biyu da ƙyalle, wani lokaci ƙura ce kawai ta maƙale. In siririn rabin ne da kansa ya karkace, ka rataye shi a tsaye a cikin ɗaki, nesa da taga, ka ba shi makonni. Ƙaramar karkata takan ragu. Babba ba ta cika komawa ba, kuma ko an tursasa ta ta miƙe, tana yawan dawowa. Kada ka gasa ta a wuta ko ka danne ta da dutse. In ta ƙi, wannan rabin kaɗai za ka canja, matuƙar ka samu mai zaren da ya dace da gindin.

Nan gaba, in ka sauka daga mashin, ta sauka tare da kai. A gida kada ka jingina ta a bango a karkace, kada ka bar ta a ɗakin da kwano yake gasawa. Da damina ka ajiye babbar leda a ƙarƙashin kujera don rufe jakar, in kuma ta jiƙe ka fitar da sandar ka goge, ka bar jakar a buɗe ta bushe a inuwa.

Akwai masu cewa a sayi sandar zaren kabon, wadda ba ta itace ba ce, a huta. Gaskiya ne ba ta damu da danshi ba. Tun da kamfanin Predator ya fito da tasa mai suna Revo a 2016 wasu kamfanoni suka biyo baya. Amma kuɗin rabin sanda ɗaya na asali ya isa ya yi wa mashinka hidima mai yawa, kuma shi ma in babbar mota ta taka shi ya tafi. Sauke ta daga rana ya fi araha.

TAMBAYA: Sau biyu ana tsayar da ni a shingen bincike saboda jakar sandata, baƙa ce doguwa. Na biyun har an sa ni na sauka na ɗaga hannu. Me zan yi?
Daga Gusau.

AMSA: Allah ya kiyaye gaba. Ka tsaya a inda jami’in yake tsaye ka dubi kanka: mutum a kan mashin, da dogon baƙin abu a rataye a bayansa, a yankin da ’yan bindiga a kan mashin suke zuwa. Ba zan ce tsoronsa ba shi da dalili ba. Ko a Kano, hana acaba da aka yi a watan Janairun 2013 ya biyo bayan harin da ’yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero ne. Tun daga lokacin mashin da dogon kaya ba su daina ɗaga hankalin masu tsaro ba.

Don haka a wurinka canja jaka ba ado ba ne. Ka nemi mai haske, ja ko shuɗiya ko ruwan ɗorawa, ko ka liƙa wa wannan manyan hotunan ƙwallayen sinuka da tef mai ƙyalli. Ka sauke ta daga kafaɗa ta koma kariya, domin abin da ke ɗaure a jikin mashin kaya ne a idon kowa, abin da ke rataye a kafaɗa kuwa wani abu yake tunatarwa. In ka hango shinge ka rage gudu tun daga nesa. Hannuwanka su tsaya a kan mashin. Ka yi sallama ka faɗa da bakinka, “Ranka ya daɗe, sandar sinuka ce, in buɗe?” Kada hannunka ya kai ga zif sai an ce ka buɗe. Da dare kuwa, musamman a wajen gari, ka bar ta inda ka yi wasa ka dawo da safe. Ka kuma riƙa bin sanarwar hukuma kan lokutan da aka hana zirga-zirgar mashin, don tana canjawa.

TAMBAYA: Ni ba ni da mashin, kabu-kabu nake hawa. Yaya zan riƙe ta?
Daga Maraɗi.

AMSA: Kada ka ɗora ta a cinya a gicciye, kada kuma ka ba direba ya ɗora a kan tanki. Kai da kake baya ba ka tuƙi, hannu ɗaya ya ishe ka: ka rataya igiyar a kafaɗa, ka tsayar da jakar a gefenka, gindinta a kan cinya, ka rungume ta a jikin ƙirji ta ɓangaren da ba motoci. Ka naɗe ragowar igiyar a hannu. In sandarka doguwa ce mara rabewa, ka nemi mai ƙafa uku ko tasi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana yana son wasan nan, duk Asabar da yamma yake zuwa, a kan roba-robarsa. Ina so in saya masa sanda da jaka in ba shi mamaki, amma in na duba a intanet sai in ga lambobi irin su 1x1, 2x4, 3x5, ban gane ba. Me zan saya?
Wata uwargida daga Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya bar ƙauna. Lambobin ba wani sirri ba ne: na farko adadin gindin sanda da jakar take ɗauka, na biyu adadin siraran rabin. Wato 2x4 tana cin gindi biyu da sirara huɗu. Manyan na masu yawon gasa ne da suke tafiya da sandar fasa ƙwallaye daban da ta wasa daban. Ga mai mashin kowane ƙarin rami ƙarin faɗi ne da nauyi. Ki tsaya a 1x1, ko 1x2 in kina son ya samu na canji. Sandar kanta ba ta da nauyi, tsakanin giram 500 zuwa 600 take. Jakar ce takan ninka ta, musamman ta fata mai kauri, wadda kuma take shan ruwa. Ki zaɓi mai taurin jiki, mai rami daban-daban a ciki, mai haske, wadda tsawonta bai wuce santimita 85 ba, kuma mai hannu ko zobba a jiki da za a iya zura maɗauri. In mai sayarwa bai rubuta tsawo ba, ki tambaye shi kafin ki tura kuɗi.

Sandar ta zama mai rabewa a tsakiya. Ki duba hoton da kyau, in rabi biyun tsawonsu ɗaya, ita ce. Sai girman kai, kuma nan ne za ki ɗan yi leƙen asiri, domin ya danganta da teburin da yake bugawa. In manyan ƙwallaye ne irin na Amurka, masu milimita 57, ana son kai mai milimita 12 zuwa 13. In ƙanana ne irin na Ingila, masu wajen milimita 51, siririn kai ake so, 8 zuwa 10. Ki sa ƙaninsa ko abokin wasansa ya tambayar miki mai teburin, ko ya ɗauko miki hoton kan sandar da maigidan ya fi so a ajiye kusa da magwaji. Mamakin da ya zo da sandar da ba ta dace da tebur ba, godiya za ki sha, amma a bayan ƙofa za ta ƙare.

Tun da roba-roba yake hawa, na san abin da zai yi ranar farko: zai tsayar da jakar a gabansa tsakanin ƙafafu. Ki hana shi. Bakinta zai tsaya daidai ƙirjinsa, kuma tana iya tare kan mashin a kwana. Ki haɗa masa da ƙananan maɗaurai biyu a cikin kyautar, ya ɗaure ta a gefen kujera, a jikin ƙarfen riƙo na baya, kamar yadda na bayyana a amsar tambayar farko. In roba-robar tasa ba ta da ƙarfen da za a kama, masu kayan mashin suna sayar da ƙaramar kariya da ake ɗaurawa da noti, bakanike zai sa masa ita cikin ’yan mintuna.